Jatau Mai Kyautar Soyayyen Iri

Ku matso kusa, jikokina. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Tun zamanin da ake ciniki da wuri, an yi wani attajiri, Jatau, mai sayar da irin shuka. Ba abin da yake so kamar a ce masa mai kyauta. Kowace bazara sai ya kira maroƙi, ya tara talakawa, ya raba musu irin gero yana cewa, "Irin sadaka ya fi kowane iri albarka." Ashe sai ya ɗan soya shi a tukunya kafin ya bayar, don kada ya tsiro, a dawo a saya.

Akwai wata tsohuwa, Tabawa, mai 'yar gona ɗaya. Ta shuka, shiru. Ta ce, "Maigida, irin nan bai fito ba."

Ya ce, "Kin binne da zurfi, Iya."

Shekara ta zagayo, shiru. Ya ce, "Zabi ne suka tone."

A ta uku, sai ta jefa ƙwaya ɗaya a baki, ta tauna. Sai ta ji ƙamshin suya. Ta ce, "Oho!"

Sai ta bi gida-gida, ta tona musu asirinsa, ta ce, "Mu yi wa mai kyautar nan gayya, mu shuka masa gandunsa." Jatau ya ji daɗi, ya ba su irinsa mai kyau, ya tafi kasuwa. Sai suka raba mai kyan a tsakaninsu, suka shuka masa nasa na sadaka, kaf.

Da ya dawo, Tabawa ta durƙusa a gaban jama'a. Ta ce, "Maigida, mun ji kunyar cinye albarka mu kaɗai. Irin sadakar muka zuba maka, mu muka ɗauki na banzan."

Jatau ya buɗe baki, ya dubi maroƙi, ya dubi jama'a. Sai ya ce, "Madalla." Gumi na zuba.

Damina ta yi kyau, gero ya rufe gari. Gandun Jatau kuwa fayau, kamar filin dambe. Tabawa ta wuce da damin gero a ka, ta ce, "Sannu, Maigida. Zurfi ne, ko zabi?"

Ƙurunƙus kan ɓera. Wanda duk ya ba ku kyauta da maroƙi a bayansa, ku tauna ƙwaya ɗaya tukuna.