Gwaji a Ƙofar Rumbu

A garin Tsamiyar Kogi an yi wani hakimi mai suna Nomau. Ƙanensa Cindo shi ke raba hatsin tallafi ga marasa ƙarfi, kuma duk inda Nomau ya bi sunan Cindo yake ji: mata a bakin rijiya, tsofaffi a ƙofar masallaci. Abin ya tsaya masa a rai har tuwo ya daina yi masa daɗi. Sai ya yanke shawara cewa ba wanda zai sake karɓar hatsi sai likita ya gwada fitsarinsa, a ga ko yana shan ƙwaya. A ransa yana cewa layin zai ragu, yabon ma ya ragu.

Akwai wani tsohon hankaka da ke yini a kan katangar fada. Da ya ji an kira sankira, sai ya sauko ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a yi shela, ka ji labarin Ilu mai gyaran keke."

Nomau ya ce, "Faɗi, amma ka gajarta."

Hankaka ya ce, "Ilu na da maƙwabci, Audi ɗan dako. Da bayan Audi ya samu matsala, aka sa gidansa cikin masu karɓar masara. Duk ranar da buhu ya shiga gidan, Ilu sai ya kasa ɗaure ko noti ɗaya. Ya ce zai je ya nemi a gwada masu karɓa. Gwaggonsa Tasalla ta tare shi a zaure ta ce, 'Zauna, ɗan nan, ka ji abin da ya faru da wani makiyayi.

"'Makiyayin ya ga shanun yayansa sun fi nasa sheƙi, alhali tafki ɗaya suke sha. Ya sa aka yi doka, duk saniya mai kaska ba ta shan ruwa. Aka kori shanu da yawa. Kaskar ba ta mutu ba, nono ne ya ƙafe, maruƙa suka fara faɗuwa. Ilu, wa ka ke so ya faɗi?'

"Ilu bai saurara ba. Aka yi gwaji, aka samu ƙwaya a jikin Audi, wadda ya fara sha don ciwon baya har ta kama shi. Aka yanke masarar. Audi bai daina sha ba, 'ya'yansa ne suka rame. Ilu na zaune a rumfarsa yana jin kukan ƙaramar 'yar Audi ta bayan katanga, kuma ko ƙwayar masara ɗaya ba ta ƙaru a tukunyarsa ba."

Hankaka ya karkace kai ya ce, "Ranka ya daɗe, shan ƙwayar ne ya dame ka, ko sunan da ake kira a bakin rijiya?"

Nomau ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Can ya sallami sankira, ya sa aka kira Cindo.

Da Cindo ya durƙusa, Nomau ya ce, "Ka ci gaba da rabon hatsi, kowa ya samu. Wanda ƙwaya ta kama kuwa, ka turo mini shi. Ni zan kai shi asibiti da kaina."

Cindo ya ce, "Allah ya saka, Yaya. Mutane za su yi ta sa maka albarka."

Nomau ya ce, "Ko ba su sa ba. Tashi, mutane na jiranka."