Ɗigon Ƙaninsa a Kan Taswira

Akwai wani tela da ya shekara huɗu ba ya magana da ƙaninsa makaniki. Ranar rasuwar mahaifiyarsu ne telan ya gaya masa magana mai zafi, kuma girman kai ya hana shi janyewa.

Tun tana jinya ta sa aka haɗa wayoyinsu, kowa na ganin inda ɗan'uwansa yake a taswira. Tela bai taɓa cirewa ba.

Shi kaɗai yake zaune, daga shi sai keken ɗinki. Yana cin abinci yana kallon shuɗin ɗigon ƙaninsa a taswirar waya ya fita daga gida, ya nufi gareji, ya dawo. Iyakar zumuncin da ya rage masa ke nan, kuma kewa na cin sa. Sau uku ya je har bakin garejin, ya tsaya, ya juya. Wai shi babba.

Sai aka yi ambaliya, ruwa ya shanye unguwar ƙanin. Tela ya bi makarantun da aka tara mutane, aji-aji, har ya sami matar ƙanin da yaranta a kan tabarma.

"Yaya, ya fitar da mu, ya koma taimakon maƙwabta," in ji ta. "Tun jiya ba labarinsa."

Ya duba waya. Ɗigon na can bayan gareji, ba ya motsi. Ya nuna wa masu ceto, suka saka shi a kwale-kwale.

A kan rufin wani sito suka sami ƙanin, ƙafa a karye, ya ƙulle wayarsa cikin leda.

"Na san za ka zo, Yaya," ya ce a hankali. "Shi ya sa nake ta lallaɓa cajin."

"Wa ya ce maka ina dubawa?"

"Sau uku na ga ɗigonka ya tsaya a ƙofar garejina. Kowane karo sai na jawo maka kujera."

Tela ya durƙusa kusa da shi. Ya cire rigarsa ya lulluɓe shi, yana kuka.

Darasi: Waya za ta nuna maka inda ɗan'uwanka yake, amma ƙafarka ce za ta kai ka. Kada ka jira sai ruwa ya ci gari kafin ka sauke girman kai. Tura wa wanda ka daɗe ba ka kira ba.