Ranar Da Aka Soke Ƙanwa Daga Kundin Mawaƙa

An ce a zamanin da, can kudancin ƙasar Hindu, an yi wani sarki wanda rigimar mawaƙan fadarsa ta ishe shi. Kullum aka buɗe fada sai ƙara, wannan ya ce wancan ya ɓata waƙa, wancan ya ce wannan bai gaji komai ba.

Su mutanen ƙasar nan matakai bakwai suka raba murya, kuma kowace waƙa da hanyarta ta hawa da sauka a kansu. Hanyar ita suke kira raga, ba dai ta kamun kifi ba. Kowace raga kuwa akan adana ta cikin wata waƙa mai suna warnam, wadda malami ke ɗora wa ɗalibi baki da baki. Warnam iri biyu ne: akwai mai sauri, mai 'yan kalmomi, na buɗe taro, akwai kuma mai nauyin tafiya, wanda ake yi wa masu rawa.

Da abin ya kai wa sarki wuya, sai ya ce wa waziri, "A rubuta hawa da saukar kowace raga a kundi ɗaya. Wadda ba ta ciki, kada in ƙara jin ta a ƙasata."

Waziri ya danƙa aikin ga Kesawa, masanin taurari, mutum mai kaifin lissafi wanda bai taɓa rera ko waƙar reno ba. Kesawa ya iske raga biyu da mawaƙa ke ce wa Yaya da Ƙanwa, matakansu ɗaya a hawa, ɗaya a sauka. Ya ce wannan ai maimaici ne, ya soke Ƙanwa.

To, warnam ɗaya tak Ƙanwa take da shi a duniya, irin mai nauyin nan, kuma yana bakin wani tsoho, Tirumala. Shekararsa saba'in da uku, murya ta dushe, ɗalibai duk sun koma wajen masu waƙar sauri inda ake tafi. Ya gaji da waƙa, ya gaji da fada, ya gaji har da jin sunansa. Amma malamai shida suka miƙo wannan warnam har ya iso gare shi, in aka hana rera shi, to da shi za a binne Ƙanwa. Ya ja sandarsa ya tafi fada, yana hutawa a kowace inuwa.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo jayayya ba, ƙarfinta ya ƙare mini. Izini nake roƙo in buɗe fada da warnam na Yaya. A ba Kesawa kundinsa ya riƙa bi. In na taka matakin da ba a rubuta ba, a kore ni daga gari."

Sarki ya yi hamma, ya ce, "Yi, Baba, amma ka gajarta."

Tirumala ya ɗauko warnam na Yaya, wanda duk wanda ya tashi a fadar nan ya sha shi tun yana goye. Fadawa suka shiga kaɗa kai, waziri na buga lokaci da tafin hannu a cinya. Ana tsakiyar daɗi, sai tsohon ya zo mataki na uku, inda Yaya kan taɓa ta wuce. Bai wuce ba. Ya tsaya a kai, ya girgiza muryar a hankali, ya sauko da jan ƙafa yadda Ƙanwa take saukowa.

Hannun waziri ya tsaya a sama. Ya yamutsa fuska kamar wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa, bai san lokacin da ya ce, "Kai! Ba haka ba ne!"

Tsohon ya katse waƙar, ya juya ga Kesawa. "Malam, wane mataki na kuskure?"

Kesawa ya bi kundi da yatsa, ya sake bi. Ya ce, "Babu. Duk abin da ya taka a rubuce yake."

"To, ranka ya daɗe waziri, in babu kuskure, me ya tsayar da hannunka?"

Waziri ya sauke hannunsa. Mutum ne mai girman kai, amma ba maƙaryaci ba ne. Ya ce, "Ka bar Yaya ka shiga Ƙanwa."

Tirumala ya ce, "Ashe akwai ta. Ni da na ji an ce babu."

Fada ta ɗauki dariya, har sarki, wanda rabonsa da dariya an manta. Nan take ya sa aka mayar da Ƙanwa cikin kundi, ya kuma yi doka cewa ba a ƙara rubuta raga ko soke ta sai mawaƙi yana zaune kusa da marubuci. Kesawa aka mayar da shi ga taurarinsa. Sa'an nan sarki ya dubi tsohon ya ce, "Zan zaɓo ɗalibai huɗu ka ba su wannan warnam. Shekara nawa yake ci kafin ya zauna a baki?"

"Ni goma sha biyu ya ci mini, ranka ya daɗe."

Kowa ya dubi tsohon yana lissafin shekarun da suka rage masa. Sarki ya sassauta murya ya ce, "To, bayan bikin girbi sai a fara."

Tirumala ya yunƙura ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Ranka ya daɗe, a turo su yau."

Kafin ya kai gida, su huɗun suna zaune a ƙofarsa.