Kyanwar da Ta Hau Tsamiya Don Ta Ciji Shamuwa

An yi wata Kyanwa a gidan Baba Nomau, manomin gyaɗa a wani ƙauye da ke gindin dutse. Fara ce sol, sai ɗigon baƙi a goshi. Aibinta ɗaya ne: ba ta iya jure a manta da ita ko na ƙiftawar ido. A gidan akwai wani tsohon Jaki mai faɗin gaskiya komai ɗacinta. A ƙofar gida kuwa akwai doguwar tsamiya, inda Shamuwa ke sauka duk shekara idan damina ta kusa.

Kyanwar nan ba a haife ta da cizo ba, koyo ta yi. Wata rana Inna Yalwa, matar gidan, tana ɓarar gyaɗar iri, sai Kyanwa ta zo ta goga jiki a ƙafarta. Inna ba ta ko kalle ta ba. Kyanwa ta yi ɗan kuka, ba a kula ta ba. Sai ta ɗana haƙori a yatsan Inna.

"Wayyo! Ke wace irin ja'ira ce?" in ji Inna. Ta ɗauki guntun busasshen kifi ta jefa nesa don ta rabu da ita.

Kyanwa ta cinye kifi, ta lashe baki, ta yi nazari. Goga jiki bai kawo komai ba, kuka ma haka, amma cizo ya kawo kallo da magana da kifi. Shi ke nan, ta samu sana'a. Ta ciji diddigen Baba Nomau yana gyaran ƙotar fartanya. Ta ciji maƙwabciya da ta shigo ɗiban wuta. Har mai tallar nono ta daina shigowa gidan.

"Ke 'yar nan, kina haƙa wa kanki rami," in ji Jaki.

"Kai wa yake kallonka?" in ji Kyanwa. "Sai an tashi ɗora maka kaya ake tuna da kai. Ni kuwa sunana ba ya fita daga bakin mutanen gidan nan."

"Da zagi ake kiran sa."

"Ai dai ana kira!"

Ana nan, rannan ta yi wa Inna wani cizo a babban yatsa, ya kumbura suntum. Inna ta naɗe shi da tsumma, ɓarar gyaɗa ta gagara, ga lokacin shuka ya ƙarato. Ran Baba Nomau ya ɓaci. Ya ɗauko wani tsohon buhu ya rataye a jikin rumbu.

"Yalwa, kin ga buhun nan? Nata ne. Zan kai ta ƙetaren kogi in sake ta."

"Malam, ni na ɓata ta da kifi," in ji Inna. "Ka bar ni in gwada gyara."

"To, na ba ki zuwa ruwan farko. In ya sauka ba ta daina ba, babu sauran magana."

Daga ranar Inna ta sauya hanya. Da Kyanwa ta buɗe baki za ta kai cizo, sai Inna ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Ba kifi, ba zagi, ba ko harara. Baba ma haka. Abin ya yi wa Kyanwa ciwo fiye da duka, amma girman kai ya hana ta gane abin da ake nuna mata. Ta ce a ranta cizon ne bai isa ba.

Wata safiya sai gari ya ɗauki wani irin shiru. Masu daka suka tsaya da taɓarya a hannu, kowa ya ɗaga kai sama. Can ƙololuwa wasu ɗige-ɗige baƙaƙe suna juyawa a hankali, ba sa ko kaɗa fiffike. Suna saukowa suna girma, har inuwarsu ta riƙa ratsa tsakar gida. Ɗaya daga cikinsu ta miƙe dogayen ƙafafunta ta sauka kan tsamiya kamar sarauniya.

"Shamuwa ta iso!" in ji Baba Nomau. "Allah mun gode. Yalwa, a fito da iri."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Duk ƙauyen ya taru a gindin tsamiya, babba da yaro, ana kallon tsuntsuwar da ba ta ce wa kowa uffan ba. Kyanwa ta yi ta ratsa ƙafafun mutane, babu wanda ya sunkuya.

"Wa ta ciza?" ta tambayi Jaki.

"Ba ta da haƙori ko ɗaya."

"Ƙarya kake! Ba a samun irin wannan kallo a banza. To, yau zan hau in ciji ƙafarta a gaban kowa, mu ga wa za a kalla."

"Hawa dai da sauƙi," in ji Jaki.

Da la'asar Kyanwa ta kama tsamiya. Reshe bayan reshe, har ta kai inda ko iska sai ta lanƙwasa shi. Ga ƙafar Shamuwa nan gab da bakinta. Ta buɗe baki, sai idonta ya faɗa gabas, bakin ya tsaya a buɗe.

Ita da duniyarta ba ta wuce daga murhu zuwa rumbu ba, sai ga gonaki sun miƙe har ƙarshen gani, ga kogi can yana ƙyalli kamar zare. A bayansu kuma wani baƙin hadari ya tashi tun daga ƙasa har sama, ya fi dutsen ƙauyen sau goma, walƙiya na tsaga cikinsa ba ƙara. Ɗaruruwan shamuwa suna shawagi a gabansa, kai ka ce su suke jawo shi. Kyanwa ba ta taɓa sanin cewa ita 'yar mitsitsiya ce haka ba.

"Wannan... ke kika kawo shi?" ta tambaya da ƙaramar murya.

"Ni wa, in kawo wannan?" in ji Shamuwa. "Gabansa kawai nake shigowa. Na ƙetare dazuzzuka da koguna, in mutane suka gan ni sai su san lokacin shuka ya yi. Abin da nake da shi ke nan, shi nake ba su. Ke me kike ba mutanen gidanku?"

Kyanwa ta lalubi amsa, ba ta samu komai ba sai haƙoranta.

Nan take iska ta taso, tsawa ta fashe, tsamiya ta shiga rangaji. Kyanwa ta leƙa ƙasa, kanta ya juya, ƙafafunta suka ƙi motsi. Ta ƙanƙame reshe ta kurma ihu. Ga shi yanzu duk ƙauyen ita ake kallo, abin da ta daɗe tana nema, amma babu daɗi ko kaɗan.

Wani maƙwabci ya jingina tsani. "To, wa zai hau?"

Maƙwabcin ya dubi tabon cizon da ke hannunsa. Baba Nomau ya dubi diddigensa. "Wa zai miƙa wa wannan hannu a kan bishiya?" in ji shi. "Ta cije ka, ka saki reshe?" Babu wanda ya taka tsanin.

Ruwan farko ya goce kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka watse da gudu. Kyanwa ta jiƙe sharkaf, tana makyarkyata, tana tuna wa'adin da aka ɗiba mata. Ga ruwan ya sauka, ita kuwa ba ta daina ba.

Da ruwan ya tsagaita, sai ta hangi Inna Yalwa da Baba Nomau sun fito da doguwar gorar da ake kaɗo tsamiya. Baba ya hau tsani, ya miƙo gorar sama. A bakinta an ɗaura buhu, buhun nan na jikin rumbu, bakinsa a buɗe.

"Wayyo, ƙetaren kogi za a kai ni!" in ji Kyanwa.

"Wataƙila," in ji Shamuwa. "Amma hannu ba zai zo ba. Ke kika kore shi."

Kyanwa ta runtse ido, ta shiga buhun da ƙafarta. Ta ji ana sauke ta, ta ji ana tafiya da ita. Can aka ajiye ta, aka buɗe bakin buhu. Ba kogi ta gani ba, murhun Inna ne, wuta na ci.

"Yalwa, ruwa fa ya sauka," in ji Baba Nomau daga bakin ƙofa.

"Na sani, Malam. Tsaya ka gani."

Inna ta miƙo hannu a hankali, hannun nan mai tsumma a yatsa, ta tsayar da shi daidai bakin Kyanwa. Har Jaki ya leƙo ta kan danga. Kyanwa ta dubi yatsan da cizonta ya kumbura. Kunya ta rufe ta. Ta rufe bakinta gam, ta sunkuyar da kai ta ɗora goshi a tafin Inna.

Sai a lokacin Inna ta shafa ta, ta ɗauko kifi ta ba ta. Baba Nomau ya ɗauki buhun ya juya shi, ya ce, "To, gobe da shi za mu kai iri gona."

Darasin wannan labari shi ne, wanda yake cutar da mutane don su kula da shi zai samu kallonsu, amma zai rasa hannunsu ranar da ya fi bukatar sa. Kuma idan kuna da mai cizo a gida, ko kyanwa ce ko mutum, kada ku saka wa cizonsa da kifi. Ku ajiye kifin sai ranar da ya rufe bakinsa.