Muryar Inna

Akwai wani mai shagon ɗaukar hoto da bidiyo, mutumin kirki, sai dai gaggawa ta yi masa katutu. Ko shayi a tsaye yake sha.

Mahaifiyarsa ta kamu da ciwon maƙogwaro. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma bayan aikin ba za ta ƙara magana ba. Matarsa kuwa tana da tsohon ciki. Sai Inna ta ce a ɗauki muryarta, don jikan ya san yadda kakarsa take magana.

Ana gobe aikin suka je shagon, shi da Inna da matarsa. Hadari ya haɗu, gari ya yi duhu. Inna ta zauna gaban kyamara, ta yi addu'a, ta rera waƙar reno da dasasshiyar murya, har da tsokana: "Kai angona, in ka fito da rowa irin ta ubanka, na fasa auren."

Ya kwafe ɗaukar daga katin kyamara zuwa filashi, 'yar na'urar ajiya da ake soka wa kwamfuta. Kwamfuta ta nuna an gama. Ita kuwa kwamfuta takan riƙe abu a wani ma'aji na wucin gadi, ta ce ta gama alhali tana kan rubutawa. Sai an umarce ta ta sauke komai kafin a zare filashin.

Matarsa ta ce a hankali, "Maigida, 'yar fitilar filashin nan fa ba ta daina ƙiftawa ba."

"Ke dai kin cika tsoro. Ba ga shi ta ce ta gama ba?"

Ya fizge filashin, ya goge katin, ya tafi ɗaukar wani taro da katin.

An yi wa Inna aiki, matarsa kuma ta haifi ɗa namiji. Inna ta rungume jariri, wuyanta naɗe da bandeji, ta nuna kwamfuta da yatsa. Ya soka filashin, ya kunna. Sunan ɗaukar yana nan, amma ba komai a ciki. Ya sake kunnawa. Inna ta matso da kunnen jaririn kusa da sifika, tana murmushi, tana jira.

Darasin shi ne, na'ura ta ce ta gama ba ya nufin abu ya zauna. Ka umarce ta ta sauke, ka jira fitila ta tsaya, kuma kada ka goge na asali sai ka buɗe kwafin ka gani da idonka. Wani abin ba a ɗaukarsa sau biyu.