Giɓin da Ake Kira Gobe

To, ku gyara zama. Wannan ba ta Gizo da Ƙoƙi ba ce, ta mutane ce, kuma in na kai ƙarshe ba mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa.

An yi wani ƙauye da ake kira Kanyar Maje. Yanzu kifi ne ke yawo a masallacinsa. Da aka gina madatsar ruwa, sai aka tashi mutanen garin aka mai da su kan tudu, aka ba su gidajen bulo a jere kamar haƙoran mataji. Kowa ya kwashi abin da zai iya. Wani tsoho mai suna Nomau, wanda matarsa Hajo ta riga ta rasu a can, bai ɗauki komai ba sai ƙyauren zaurensa, wanda kakansa ya sassaƙa da icen kirya. Da ya kai shi sabon gida ƙyauren ya ƙi dacewa da ƙofar, sai ya jingine shi a ɗaki.

Shekara biyu yana daurewa, a ta uku ya kwanta. Ba zazzaɓi, ba tari. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba. A kawo tuwo ya kau da kai, kunu ma sai cokali biyu. Maganarsa ɗaya ce: "Ku kai ni gida." A ce, "Baba, ai a gida kake." Ya ce, "Wannan masauki ne."

'Ya'yansa uku: Jatau, da Tunau, da autarsu Kande da ke aure a wani gari. Tunau mutum ne da gemunsa da 'ya'yansa huɗu, amma bai daina ƙera motar kara ba. In ya dawo daga gona sai ya zauna da karan dawa da reza yana fere taya, mutane na wucewa suna ce masa Sarkin Wasa. Shi ne ya ce, tunda ba za a iya kai Baba gida ba, a kawo masa gidan. Ya kwaɓa laka ya gina ɗan ƙaramin samfurin garin da ka, cikin mako guda. Tsoho ya kalla da wutsiyar ido ya ce, "Masallaci ya haɗiye kasuwa. Yaushe rijiya ta koma gabas? Garin wasu ne wannan."

Sai Jatau ya tashi. Shi tela ne, bai yarda da ido ba sai awo. Ya kan ce ido maƙaryaci ne. Ya bari bazara ta yi, ruwa ya janye, harsashin gidaje ya fito cikin taɓo. Ya rufe shagonsa, ya ɗauki doguwar igiya ya ƙulla ta gaba-gaba, ya shiga kufai. Kwana arba'in yana awo: daga masallaci zuwa rijiya, daga rijiya zuwa kututturen kanya, lungu-lungu, gida-gida, yana rubutawa a takardar buhun siminti. Matsattsaku suka sha jininsa har ƙafafunsa suka kumbura. Rannan taɓo ya haɗiye shi har ƙirji, masunta suka jefa masa igiya. Kafin ya kama sai da ya fara miƙa musu takardun. Da ya dawo ya kafa doka guda: kowace gaba ta igiya a ƙasa, faɗin yatsa ɗaya a gini, ko na limami ne ba ƙari.

Tunau ya rushe na farko, ya share ƙarƙashin rumfa, ya sake tun daga tushe. Wata uku bai je majalisa ba. Azara da tsinken tsintsiya ya yi ta, jinka kuwa da ciyawa sili-sili. Rumbunan ba su fi ƙwan zabo ba, kuma kowanne da ƙafafunsa na dutse. Rijiya har da gugan ɓawon gyaɗa. Masallaci sau biyar yana rushe shi, don alƙibla ta kauce da faɗin ƙumba. Matarsa ta same shi yana yaɓen bayan wani rumbu da ke manne da katanga, ta ce, "Malam, wa zai ga nan?" Ya ce, "Ni." Waɗanda ke ce masa Sarkin Wasa su ne suka koma leƙe ta saman katanga.

Ran da aka gama, gari ya taru. Tsofaffi suna nuna ƙofofinsu suna share hawaye. Aka ɗauko Nomau a tabarma. Ya sa yatsa a kasuwa, ya bi lungun maƙera, ya karya kwana a rijiya, ya zo ƙofar gidansa ya tsaya. Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya ce, "Gari dai shi ne. Amma wannan ba gidana ba ne." Ya juya baya. Jatau ya sake awo sau uku, babu kuskure. Tunau ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Daga ranar ko cokali biyun tsoho ya daina karɓa, aka aika wa Kande ta zo su yi ban kwana.

Kande ba ta san awo ba, ba ta taɓa gina ko murhun wasa ba. Ta iso da ƙurar hanya a ƙafa, ta gaida mahaifinta bai amsa ba, ta fita ta zagaya ginin sau ɗaya. Ta tsuguna kusa da gidansu, ta yi tsaki.

"Yaya Tunau, ina Gobe?"

Ga abin da take nufi. A katangar bayan gidan akwai wani giɓi da ruwan sama ya zubar tun Hajo na amarya. Kullum ta ce, "Malam, a gyara katangar nan," ya ce, "Gobe." Shekara talatin da biyar ana haka, har giɓin ya ci sunan. Ta nan mata ke miƙa wa juna garwashi da daddawa, ta nan Hajo ke leƙawa ta hango shi yana dawowa daga gona. Jatau bai same shi a awo ba, don ruwa ya narkar da katanga, harsashi kuwa ba ya nuna giɓi. Tunau ya tuna da shi sarai, amma ya ga abin kunya ne a nuna wa gari rusasshiyar katangar ubansa, sai ya ɗinke ta sumul.

Kande ta ce, "Kun gina gidan wani magidanci mai jin maganar matarsa. Ubanmu kuwa ba shi ba ne." Ta ɗora babban yatsa a kan katangar.

Jatau ya daka tsawa, "Ke! Aikin wata uku ne!"

Ta danna. Laka ta ɓare. Ta ƙara gutsure gefen hagu, don can ya fi zurfi, ta bar ɓaraguzan a inda suka zuba. Ta ce a ɗauko Baba.

Tsoho ya buɗe ido da ƙyar. Ya kai yatsa, yatsan ya faɗa giɓi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, aka zaci kuka ne, ashe dariya ce. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajo, gobe zan gyara." Ya juyo ya ce, "Kande, akwai sauran tuwo a gidan nan, ko sai an roƙo ta Gobe?"

Shekara shida ya ƙara a duniya, kowane hantsi yana zaune a gindin garinsa yana nuna wa baƙi lunguna. An sha ce masa, "Baba, ƙyauren nan na kaka, wa za ka bar wa cikin su ukun?" Ya ce, "Gobe zan faɗa." Kun dai san halin mutumin. Har aka kai shi makwancinsa bai faɗa ba.

Ƙyaure ɗaya ne, in an tsaga shi ya zama itacen girki. Ba don awon Jatau ba, da garin wasu aka gina. Ba don hannun Tunau ba, da awon ya ƙare a takardar siminti. Ba don yatsan Kande ba, da a gaban kyakkyawan gini aka yi jana'iza. Kada wanda ya ce mini a bari sai gobe. Wanda ya auna, da wanda ya gina, da wadda ta ɓare, wa za a ɗora wa ƙyauren nan a ka?