Sufurajin Da Ya Ɓoye Harshensa

Akwai wani saurayi mai suna Jibirin, ɗan garin Mai Wurno, zangon Hausawa a can gabas kan hanyar hajji, wanda ya tafi garin Damazin a shekarun da ake ginin madatsar ruwa. A wata lokanda, masaukin da injiniyoyi ke sauka, aka ɗauke shi koyon aikin sufuraji, wato mai kai abinci tebur.

Shugaban sufurajai, Abdussalami, ba ya son ko jin sunan Hausawa. Don haka Jibirin ya ce shi ɗan garin Sinnar ne, ba Bahaushe ba, ya kulle bakinsa da Larabci. Ko ya haɗu da 'yan garinsu a kasuwa, sai ya kau da kai.

Ranar gwaji ta zo. Mudir Mahadi, mai lokandar, ya zauna a gefe yana kallo. Wanda ya yi kuskure a abincin ranar nan, gida zai koma.

Jibirin na ɗauke da tiren miya sai wata mata ta faɗo ɗakin, ba takalmi, mayafinta na jan ƙasa. Matafiyar hajji ce, sabuwar zuwa daga yamma, ba ta jin Larabci.

"Ku taimake ni! Maciji ya sari ɗiyata!"

Ba wanda ya gane. Abdussalami ya daka mata tsawa, ya sa masu gadi su fitar da ita, wai bara ta zo.

Jibirin ya ji kowace kalma. Ga likitan ma'aikatan madatsa zaune gabansa. In ya buɗe baki, asirinsa ya tonu. An riga an ja matar har bakin ƙofa, tana turjewa.

Ya dire tiren, miya ta fantsama a kan farin ƙyallen tebur.

"Inna, ina yarinyar take?"

Ya juya ya gaya wa likita da Larabci, suka fita a guje. A gindin wata bishiya suka sami yarinyar, ƙafa ta kumbura, numfashi sama-sama. Jibirin na fassara, likita na aiki, har Allah ya sa ta rayu.

Da ya dawo, Abdussalami ya tare shi. "Ashe ƙarya ka yi mana? Tuɓe rigar aikin!"

Yana cikin ɓalle maɓalli mudir ya taso, ya dafa kafaɗarsa. Sai ya yi magana da Hausa tsantsa:

"Bar rigarka, ɗana. Ni ma na ji abin da ta ce, na kasa tashi."

Tun ranar aka ba Jibirin tarbar baƙi a ƙofar lokandar.

Darasi: Kada neman abinci ya sa ka ji kunyar asalinka, har ka toshe kunne ga mai neman ceto. Ku tura wa matasanmu da ke koyon aiki a garin wasu.